Maratayi Mai Danƙo: Inda Ya Kamata Hedifon Ya Kwana

Duk wanda ya leƙa teburin mai aiki da kwamfuta bayan an tashi, a gidan rediyo ne, ko a situdiyon da ake ɗora muryar Hausa a kan fina-finai, ko a ofishin amsa kiran abokan ciniki, zai lura cewa kowane abu yana da mazauninsa in ban da hedifon. Allon kwamfuta yana kan ƙafarsa, biro yana cikin gwangwani, takardu suna cikin fayil. Shi kuwa hedifon, duk inda hannu ya sake shi nan ne makwancinsa: a kan madannai, ko a saƙale a kusurwar allo, ko a bayan kujera, ko ma a ƙasa bayan gwiwar hannu ta ture shi. Alhali sau da yawa ya fi duk ƙananan kayan teburin tsada, ya kuma fi su saurin lalacewa. Akwai wani ɗan maratayi na roba ko na ƙarfe da ake sayarwa saboda wannan matsala, mai danƙo a bayansa, wanda ake mannawa a ƙarƙashin tebur ko a gefensa ba tare da an huda katako ba. Mutane da yawa sun saya, ya ɓalle musu cikin 'yan kwanaki, suka yanke hukunci cewa yaudarar 'yan kasuwa ce. Ina ganin sun yi gaggawar yanke hukunci. Maratayin abin dogaro ne, kuma mafi yawan faɗuwar da ake gani tushenta wurin da aka zaɓa ne da yadda aka manna. Danƙon yana da ƙa'idoji sanannu, masana'antu sun rubuta su, amma ba kowa ke karantawa ba.

Kafin a kai ga danƙon, ya kamata a fahimci abin da ake ƙoƙarin karewa. Hedifon ba kasafai yake mutuwa ta cikin lasifikarsa ba. Yawanci ta igiya yake mutuwa, musamman a wuyan kan da ake sokawa a kwamfuta da kuma inda igiyar ta shiga kunnen. A cikin wannan igiya akwai siraran zaren jan ƙarfe, kuma duk lanƙwasa ko fizga tana karya wasu daga ciki, har ranar da kunne ɗaya zai yi shiru sai an riƙe igiyar a wani kusurwa kafin ya yi magana. Igiyar da ke kwance a ƙasa tayar kujera tana bi ta kanta, ƙafa tana harɗe ta, hedifon ya biyo ta ya daki siminti. Sai kuma matashin kunnen, wanda galibi soso ne da aka lulluɓe da fatar roba. Wannan fata ba ta shiri da gumi da danshi da zafi. Su ne ke sa ta fara tsagewa tana ɓarewa tana barin baƙaƙen ɓarɓashi a kunnen mutum. Hedifon da aka kife a kan tebur da guminsa, ko aka cusa a aljihun tebur aka rufe, ba ya samun iskar da zai bushe. Idan kuma an bar shi kunnuwa a sama, ƙurar hunturu tana sauka kai tsaye a kan ragar lasifikar, maganaɗisun da ke ciki kuma yana jawo duk wani ɓarɓashin ƙarfe da ya zo kusa. Ratayewa tana rage waɗannan duka a lokaci guda: igiya ta tashi daga ƙasa, matashi ya sha iska, kunnuwan biyu su fuskanci juna maimakon su buɗe wa ƙura baki, kofin shayi kuma ya yi nesa.

Kayan ba shi da nauyin da zai gagari danƙo. Tun daga 1910, lokacin da Nathaniel Baldwin ya harhaɗa hedifon a ɗakin girkinsa a jihar Yuta ta Amurka har rundunar sojan ruwan ƙasar ta yi odarsa, masu ƙira suke ta rage masa nauyi. Kamfanin Plantronics, wanda aka kafa a 1961, ya yi suna ne da ƙera mara nauyi domin matuƙan jirgin sama. A yau hedifon Sony WH-1000XM4 giram 254 ne, AirPods Max na kamfanin Apple, wanda ake lissafawa cikin masu nauyi, giram 385, na ma'aikatan amsa kira kuwa sun fi waɗannan sauƙi nesa ba kusa ba. Wato ana maganar abin da bai kai rabin kilo ba. Irin wannan danƙo kuwa ana manna gilasai da allunan ƙarfe da shi a jikin gine-gine da motoci. Idan ya kasa riƙe giram 300, to akwai dalili.

Dalilin yana cikin yadda danƙon yake kamawa, domin ya bambanta da gam ɗin da muka saba da shi. Ƙaro, wanda Sudan da Chadi da Najeriya ke fitarwa zuwa kasuwannin duniya, ana jiƙa shi ne da ruwa, idan ruwan ya bushe sai ya daskare ya riƙe. Gam mai saurin kamawa na ɗan ƙaramin bututu shi ma daskarewa yake yi ya zama tauri. Danƙon bayan maratayi ba ya bushewa, ba ya daskarewa. Yana nan a tsakanin ruwa da tauri har ƙarshen rayuwarsa, kuma da dannawa yake aiki. Idan an danna shi, yana malala a hankali ya shiga ƙananan ramuka da kwaruruwan da ido ba ya gani a fuskar katako ko ƙarfe. Idan ya matso sosai har babu iska a tsakani, sai wani ɗan ƙarfin jan juna da ke tsakanin ƙwayoyin abubuwa ya fara aiki, wanda aka sa wa sunan masanin kimiyya ɗan ƙasar Holan, Johannes van der Waals. Da irin wannan ƙarfi ne tsaka take tafiya a jikin silin ba ta faɗowa. Ƙarfin kowace ƙwaya ɗaya ba komai ba ne, yawan wuraren da suka haɗu shi ne ƙarfin. Saboda haka duk abin da ya shiga tsakanin danƙo da tebur, ƙura ce ko maiƙo ko iska, ya rage adadin wuraren haɗuwa, kuma riƙon ya ragu daidai gwargwado. Fasahar ba sabuwa ba ce. Richard Drew na kamfanin 3M a jihar Minesota ya ƙirƙiro salatif na masu fenti a 1925, ya biyo da mai garai-garai a 1930. Kamfanin ya fito da VHB, danƙon soso mai fuska biyu, a 1980, sannan ya fito da Command, wanda ake iya cirewa ba tabo, a 1996. Yawancin maratayan hedifon da ke kasuwa da ɗayan waɗannan biyu suke zuwa, ko da kwaikwayonsu.

Daga wannan bayani ƙa'idar da aka fi karyawa take fitowa, wato jira. Tunda malala danƙon yake yi a hankali, ƙarfinsa ba ya cika nan take. Takardun bayanin VHB sun ce a zafin ɗaki na yau da kullum, bayan minti 20 riƙon ya kai kusan rabi ne kawai, bayan awa 24 ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari, sai bayan awa 72 yake cika. Ga Command kuwa, umarnin shi ne a danna na daƙiƙa 30 sannan a jira awa ɗaya kafin a rataya komai. Amma me mai saye yake yi? Yana ɓare takardar bayan, ya ɗan taɓa maratayin a jikin tebur da yatsa biyu, ya rataya hedifon nan take don ya ga ko ya yi kyau. A wannan lokaci danƙon bai gama shiga ba, nauyin kuma ya fara janye shi, sai gefe ɗaya ya ɗaga kaɗan, iska ta shiga, daga nan kuma ɓallewa sai dai a jira ranarta. Sauri ya haifi nawa. Dannawar ma tana da ma'auni: ana son ƙarfin da ya kai kimanin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Ga danƙo mai faɗin santimita huɗu da tsawon huɗu, wannan ya kai nauyin kilo 16. Idan a ƙarƙashin tebur ne, sai mutum ya durƙusa, ya sa tafin hannu ya tura sama da ƙarfi, ɗaya hannun kuma yana danne teburin daga sama kada ya ɗaga. Wanda bai ji hannunsa ya gaji ba, da wuya a ce ya danna.

Ƙa'ida ta biyu ita ce fuskar da za a manna a kai, kuma a nan ne ƙarƙashin tebur yake yaudarar mutane. Saman teburin ofis yawanci sumul yake, an lulluɓe shi da fomika ko wani leda mai tauri, kuma danƙo yana kama irin wannan da kyau, kamar yadda yake kama gilashi da ƙarfe mai fenti. Amma a shafa hannu a ƙarƙashinsa a ji. Teburan araha da yawa, waɗanda aka yi da dusar katako da aka matse da gam, ƙarƙashinsu tsirara yake, da kaushi, yana barin gari a yatsa. Danƙon da aka manna a nan garin ya kama, kuma ranar da zai faɗo za a ga bayansa ya yi butu-butu da ɓarɓashin katako. Danƙon ya yi aikinsa, fatar katakon ce ta saki. Teburin roba irin na wurin biki shi ma ba ya karɓa, domin robar da ake yin sa da ita tana cikin waɗanda danƙo ba ya iya malala a kansu. Akwai gwaji mai sauƙi: a ɗiga ruwa a wurin. Idan ɗigon ya baje, danƙo zai kama. Idan ya dunƙule kamar ƙwallo yana gangarawa, ko dai robar ba ta dace ba, ko kuma akwai maiƙo ko man goge tebur a wurin. Idan kuma ya tsotse cikin katakon nan da nan, fuskar tsirara ce, tana buƙatar a shafa mata fenti ko banish ta bushe tukuna. Shi ma sabon fenti ana ba shi kwana bakwai kafin a manna masa Command. Wajen gogewa, abin da masana'antun suka ba da shawara shi ne alkohol nau'in isofrofil, irin wanda ke jikin 'yar audugar da ake goge wurin allura da ita, domin yana ɗauke maiƙo ya bushe ba ya barin komai. Kananzir da man goge katako da sabulu mai ƙamshi duk suna barin wani siririn shafi, kuma wannan shafi shi ne abokin gaban danƙo. Bayan an goge, kada yatsa ya sake taɓa wurin ko fuskar danƙon.

Sai girman danƙon da kuma ta inda nauyin yake ja. Kamfanin 3M ya ba da ma'auni ga kayan da za su dawwama a rataye: kimanin murabba'in santimita 57 na danƙo ga kowane kilo ɗaya. Idan aka yi lissafi, hedifon mai giram 300 yana buƙatar kusan murabba'in santimita 17, mai giram 385 kuma kusan 22. Maratayin da danƙonsa bai fi girman farcen babban yatsa ba ya gaza tun daga shago, ko wane suna aka rubuta a kwalinsa. Wannan ma'auni kuwa na kayan da ke rataye shiru ne, alhali hedifon kullum ana ɗaukarsa ana mayarwa, wani lokaci da fizga, don haka ya fi kyau a zarce shi. Danƙo yana da ƙarfi idan nauyi ya rarrabu a kan fuskarsa gaba ɗaya, yana da rauni ƙwarai idan ana ɓanɓarar sa daga gefe ɗaya. Shi ya sa maratayin ƙarƙashin tebur wanda hedifon yake sauka daidai ƙasan tsakiyar danƙon ya fi kwanciyar hankali. Wanda ake mannawa a gefen tebur, mai hannu da ya miƙo waje, duk tsawon hannun yana ƙara wa nauyin ƙarfin ɓanɓarar gefen sama. Idan dole ne a yi amfani da irinsa, a zaɓi mai gajeren hannu da dogon baya, a kuma tura hedifon can ciki kusa da jikin tebur. Mai ƙugiya biyu kuma, idan hedifon ɗaya ne za a rataya kullum a gefe guda, yana karkata danƙon ne a hankali.

Ƙorafin da ya fi kowane nauyi shi ne na zafi, kuma ba za a kore shi da baki ba, domin gaskiya ne. An ƙera Command na cikin ɗaki ya yi aiki ne tsakanin digiri 10 zuwa 40 a ma'aunin Salsiyos. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu yana haura 40, ɗakin da ke da rufin kwano ba silin kuma yana iya fin waje zafi, musamman idan an ɗauke wuta an kulle ƙofa. Danƙo yana laushi da zafi, idan ya yi laushi kuma nauyin da ke rataye yana jan sa sannu a hankali har ya zame. Duk da haka wannan ƙorafi bai rushe maganar ba, iyaka ya sa mata. Nau'o'in VHB da yawa, waɗanda aka yi da sinadarin akirilik, an ƙera su su jure zafin da ya kai kusan digiri 90 na tsawon lokaci, don haka ga ɗaki mai zafi su suka dace, tare da ƙara faɗin danƙon. Sannan ƙarƙashin tebur yana cikin inuwa. Abin gudu shi ne gefen da ranar taga ke duka, da kuma wurin da fankar kwamfuta ke huro iska mai zafi. Wannan wuri na biyu yana da wata illar ma, domin hedifon mara igiya yana ɗauke da batirin litiyom, wanda zafi ke rage wa kwana.

Kusa da wannan akwai matsalar jabu. Jan ledar da ke bayan danƙo da tambarin da aka buga a kanta ba hujja ba ne, domin kwaikwayonsu ba shi da wuya. Danƙon araha da aka yi da roba mai narkewa yana kama yatsa sosai a ranar farko, har ya fi na ƙwarai danƙo a hannu, amma shi ne ke saurin sakewa idan ya ji zafi, ya bar wani jiƙaƙƙen shafi a jikin tebur. Araha ba ta ado. Sai dai gyaran ba shi da tsada: idan jikin maratayin yana da kyau, ana iya kankare danƙon da ya zo da shi, a goge da alkohol, a sa na ƙwarai daga wurin da aka amince da shi. Wanda aka taɓa cirewa kuwa ba a mayar da shi, domin fuskarsa ta riga ta ɗauki ƙura kuma sosonsa ya miƙe.

Wasu kuma suna cewa ratayewar kanta tana ɓata hedifon, tana barin rami a matashin bakansa, wato lanƙwasasshen ɓangaren da ke hawa tsakar kai. Wannan yana faruwa, amma da siririyar ƙugiya ko ƙusa, inda duk nauyin yake taruwa a layi ɗaya. Maratayi mai faɗin yatsa biyu ko uku, mai ɗan lanƙwasa irin ta bakan, wanda aka shimfiɗa wa roba mai laushi, yana rarraba nauyin. A nan ne kuma amsar mai cewa ƙusa ɗaya ta wadatar take. Ƙusa ba kasafai take faɗuwa ba, gaskiya ne, amma tana yanka matashi, tana tsatsa, kanta yana kama riga da gwiwa, kuma teburin ofis ko na haya ba na mutum ba ne balle ya huda. A katakon dusa ma ƙusa ba ta zama daram, farfasa shi take yi. Maratayin tsaye da ake ajiyewa a kan tebur yana da kyau ga mai babban tebur, sai dai yana cin wuri, yana barin hedifon a fili ga ƙura, kuma hannu yana iya ture shi da kayansa gaba ɗaya. Jakar da hedifon ya zo da ita ta fi komai kariya a tafiya, amma wanda yake cirewa yana mayarwa sau da yawa a yini ba zai riƙa zuge zif kowane lokaci ba, kuma ma'ajiyar da ba a amfani da ita ba ta kare komai. Fa'idar maratayi ita ce hannu yana kai wa gare shi ba tare da an tashi ko an duba ba.

Tsoron ɓata tebur wajen cirewa shi ma yana da amsa, in an san hanya. Command yana da ɗan harshe a ƙasa, ana jan sa a hankali a miƙe tare da jikin teburin, danƙon ya yi ta miƙewa har ya saki. Ba a jan sa waje. VHB ya fi taurin kai: ana ɗumama shi da na'urar busar da gashi, a zura zare mai ƙarfi a bayan maratayin a riƙa ja hagu da dama har ya yanke soson, sannan a murje ragowar da babban yatsa. Wuƙa da sukundireba su ne ke ɓata tebur. Inda za a yi hattara shi ne teburin da aka lulluɓe da siririyar takarda mai zanen katako, domin tana iya biyo danƙon, shi ya sa mannawa a ɓoyayyen wuri ta fi.

Wurin da za a zaɓa yana buƙatar a zauna a kujera a gwada kafin a ɓare takarda. A juya hagu da dama, a tura kujera ciki, a ga inda gwiwa da hannun kujera suke kaiwa, domin duka ɗaya daga gwiwa ya fi nauyin hedifon sau da yawa, kuma ta gefe yake zuwa, inda danƙo ya fi rauni. A bar tazara daga aljihun tebur don ya buɗu. A naɗe igiyar da sassauci a rataya ta tare, kada a ɗaure ta tamau a jikin bakan. A wuraren da ma'aikata ke karɓa-karɓa da hedifon ɗaya, kamar ɗakin watsa shirye-shirye, yana da kyau a goge matashin kafin a rataya, ya bushe kafin na gaba ya zo.

Akwai inda ba zan ba da shawarar mai danƙo ba ko kaɗan: teburin roba, da katakon dusa tsirara wanda ba za a iya shafa wa komai ba, da ɗakin da ke zama tanda da rana kuma ba a da tabbacin ingancin danƙon. A irin waɗannan wurare a nemi maratayi mai matsewa, wanda ake murɗa notinsa ya kama bakin tebur. A sauran wurare kuwa, mai karatu, ka goge wurin da alkohol, ka danna da dukkan ƙarfin tafin hannunka ranar Juma'a idan za ka tashi daga aiki, ka bar shi babu komai a kai. Ka rataya hedifon ɗinka ranar Litinin da safe.